Dafin Da Ya Ci Yayarsa

Shekara ashirin Likita yana tatsar dafin maciji a dakin bincike, yana diga shi a kan jini, yana auna yadda jinin ke tsinkewa ya ki daskarewa. Yayarsa ce ta kawo shi wannan aiki. Tana yarinya maciji ya sare ta, aka daure kafar tamau da igiya, aka tsaga wurin, kafar ta rube kafin a kai ta asibiti.

Kullum yakan gaya wa dalibansa, "Kada ku daure, kada ku tsaga." Wata daliba ta tambaye shi, "Malam, wa ya daure kafar?"

Ya dade yana goge tabaransa, sannan ya ce, "Ni ne."