Ranar da Na Faɗi a Kan Kabarin Bature

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya shigo, gwamnati na tura ma'aikata ƙaro ilimi waje kamar ana rabon goro, ni ma rabo ya faɗo kaina. Ina malamin gona a Ƙanƙara, ko Legas ban taɓa gani ba, sai ga ni a Ingila.

Wata Asabar abokina, wani mutumin Faskari da muke kwas tare, ya ja ni yawon buɗe ido wani tsohon birni. A tsakiyarsa akwai wata majami'a ta dutse, tsawonta sai da hulata ta nemi faɗuwa. Na yi ta nuƙu-nuƙu a bakin ƙofa, ya ce, "Kallo za mu yi, malam, ba ibada ba."

To, ni dai a sanina ɗakin ibada ba a shigarsa da takalmi, ko na waye. Na tuɓe nawa na riƙe a hannu, na shiga da safa. Daɓen kuwa dutse ne da ƙafafu suka goge har yana sheƙi. Ina tafe baki buɗe ina kallon gilasan tagogi, santsi ya kwashe ni, na zube.

Abokina ya zo ɗaga ni yana dariya, sai na ga ya tsaya yana karanta rubutun da ke kan dutsen da na faɗi a kai.

"Kai, ashe kabari ne. Ga sunan mai shi."

Na duba hagu da dama. Duk daɓen rubutu ne, duk mutane ne a ƙasa, ga Turawa na ta takawa suna ɗaukar hoto.

Tun muna yara a garinmu Pauwa mahaifiyata ke ce mana duk wanda ya faɗi a kan kabari ba zai ga baɗi ba. Da karatuna da komai, maganar nan ta dawo mini daram. Ba mutuwar kaɗai ta tsorata ni ba, inda za ta same ni ne. Wa zai yi mini wanka? Wa zai sallace ni? Na ga ana ƙunshe ni a akwati, a shimfiɗa dutse a kaina, a yi ta bi.

A jirgin ƙasa muna komawa na kama hannun abokina na ce, "Ka yi mani alkawari, in ta hwaru kai za ka yi mani sutura." Ya so ya yi dariya, da ya ga idona ya fasa.

Watannin da suka rage a tsorace na yi su. Mura ta kama ni, na raba littattafaina. Ko titi ba na tsallakawa sai na ga babu mota ko daga nesa.

Da na dawo gida da raina, na zauna gaban mahaifiyata na kwashe labari na gaya mata. Ta yi dariya har da tari.

"Kai ɗan nan, don ku bar guje-guje cikin maƙabarta ni ka hwaɗa maku haka."

Sai kuma fuskarta ta canza.

"Amma tsaya. Kullum tattaka su akai? Ba su da ɗiya ne?"

Na ce sun daɗe da mutuwa, Inna, zuriyarsu ma ta watse. Ta ce, "To ni dai in na tahi, ka sa mani ƙaya. Kak ka bari ko akuya ta hau ni."

Na sha tsoro a banza, na sani, har yau abokina na tsokanata da shi. Amma tun da ta rasu, duk ƙarshen damina ina zuwa Pauwa in saro ƙaya in kewaye kabarinta. Kuma in zan shiga maƙabartar, a bakin ƙofa nake barin takalmina.