Ranar da Aka Zaunar da Iyatu Cikin Mabarata

Duk wanda ya taɓa lodin tumatir a bakin titin Kura ya san Iyatu, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Gajeriya ce, tafiyarta da sauri, bakinta kuwa ya fi ƙafar. Tun mijinta na da rai take tsintar tumatir. Kafin a ɗaure kwando a ɗora a mota sai an zazzage shi an ware mai lafiya da fasasshe, don guda ɗaya in ya ruɓe a hanyar Legas sai ya ja 'yan'uwansa. Ba a biyan mai tsinta, fasasshen ne nata. Haka aka taso aka tarar. Iyatu ta kwashe, ta yanyanka, ta shanya ya zama kauɗa, da damina ta sayar. Da shi ta raini marayunta, ba ta taɓa miƙa wa ɗan kowa hannu ba, kuma kullum sai ta tuna wa unguwa haka ko ba a tambaye ta ba.

A ranin da wayar salula ta fara yawa a hannun diloli, kwamitin kasuwa ya kafa doka. Mai shela ya zaga: ba a hana bara ba, amma duk mabaracin da ya riƙe rigar mutum, ko ya tare masa hanya, ko ya bi shi da naci, ya bar kasuwa ke nan sai wata shekara. Iyatu ta fi kowa murna. "Gara haka! A kore su mu sha iska."

Ba a jima ba wani dila, Alhaji Maikuɗi, ya sa ta tsinta tun hantsi har azahar, bayanta kamar zai karye. Tana miƙewa ta ga 'yan dako suna juye fasasshen a buhu suna cillawa cikin mota. Ashe ya samu masu tuwo a birni da ke saye. Sai ta cafke babbar rigarsa.

"Alhaji, haƙƙina!"

Ko kallonta bai yi ba, waya na kunne. "Allah ya ba da haƙuri, Baba."

Maganar da ake sallamar mai bara da ita! Iyatu ta ƙara naɗe rigar a hannu, ta sha gabansa, ta buɗe maƙogwaro. Sai ga Uba, ɗan kwamiti mai sanda, wanda a ƙofar gidanta ya koyi tafiya.

"Gwaggo, sake shi. Kin riƙe riga, kin tare hanya, ga naci. Babu wadda kika rage a dokar."

"Ni kake karanta wa doka, mai kan gwangwani? Je ka tambayi uwarka ko ta taɓa ganina da ƙoƙo!"

Haka dai aka ɓamɓare ta, aka kai ta gindin darbejiya inda ake tara mabaratan da aka kama. Suka matsa mata wuri. Tana zaune tana huci, wata mata mai wucewa ta ajiye mata ƙosai a cinya, ta ce a sa ta a addu'a. Wannan ƙosan, jama'a, ya fi mari. Mace ta yi shekaru tana duƙe a rana, ɓarawo na tsaye da wayarsa, ita ce ake ba sadaka!

Da sarkin kasuwa ya zo yanke hukunci, Iyatu ta riga shi. "Kora ba ta dame ni ba, ranka ya daɗe. Amma ba za a kore ni da sunan bara ba, 'ya'yana na yawo a garin nan."

Kafin ya amsa, Malam Suhaibu, makahon da mabaratan wurin ke bi, ya buga sandarsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba tamu ba ce. Mu in an hana mu, addu'a muke yi mu wuce. Wannan tun da aka zaunar da ita ta tsine wa Alhaji, ta tsine wa motarsa, yanzu tana kan kakanninsa. A ɗauke mana ita kafin ta ɓata mana suna."

Wurin ya kece da dariya, har sarkin kasuwa sai da ya rufe baki da hannun riga. Ya ce ta tashi, ba mabaraciya ba ce. Iyatu ta ce faufau, a bainar jama'a aka jawo ta, a bainar jama'a za a wanke ta. Dole Uba ya shige gaba, tana biye tana zungurinsa, layi-layi yana faɗa: "Gwaggo Iyatu ba ta bara!" In ya sassauta murya ta ce, "Ɗaga, masu albasa ba su ji ba."

Motar Maikuɗi kuwa ta daɗe da wucewa da tumatirinta, babu wanda ya ce masa kanzil. Iyatu ta ce wannan tsakaninsa da Allah. Amma Malam Suhaibu, da bakinsa ya fitar da ita, har yau ba ta amsa gaisuwarsa. Wai ita Iyatu ce za ta ɓata wa mabarata suna!