Rediyon Kaka a Shekarar Agana

A hannunsa na fara ganewa. Kaka ya sauko da batiran rediyonsa daga kan rumbu, inda yakan shanya su wai rana ta ƙara musu ƙarfi, ya miƙo mini. Batiran sun huce, amma tafin hannunsa kamar an ciro shi daga murhu.

"Kaka, jikinka da zafi."

"Zahin sonki ne, amarya. Kunna muna akwatin ga, mutane na jira."

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuma na dawo Bagudo hutu daga sakandare. Duk unguwarmu Kaka kaɗai ke da rediyo, ya saye shi wurin wani ɗan kasuwa da ke shigowa daga Dahome. Da safe ya tufka igiya, ya taka zuwa bakin gulbi ya duba masunta. Bayan la'asar kuma tsofaffi su cika zaurensa. Ni ce mai murɗa tasha, don yatsunsa na rawa.

Da agana ta ɓarke, kullum rediyon nan sai ya yi gargaɗi a daina cunkoso, a guji tufafin mai ciwo. Su kuwa don su ji gargaɗin suke ƙara taruwa. Har daga Lafagu wasu ke zuwa. In batir ya yi sanyi sai su haɗa kawuna a bakin akwatin, numfashin wannan a fuskar wancan, moɗa ɗaya tana zagayawa. Na ce a fito da shi fili mana. Wani abokin Kaka ya yi dariya.

"Ɗiyar boko, ke da akwatin wa ya hi surutu? A kai shi waje iska ta kwashe labarin?"

Ya zan yi da sa'o'in kakana?

Ranar da na ji zafin hannunsa ma na kunna musu. Ba a jima ba Kaka ya kwanta da ciwon baya, sannan ƙuraje suka feso masa a goshi da tafin hannu. Zaure ya watse. Innata ta tafi cin kasuwa tsallaken iyaka kafin a tsare hanya, ba ta da yadda za ta dawo. Aka kai Kaka wata bukka a bayan gari, na bi shi da tulu da tabarma. Bai nemi komai ba sai rediyonsa.

Ba abin da karatuna ya tsinana masa. Na jiƙa tsumma in goge shi, in ɗiga masa kunu, ya dawo da shi. Da idanunsa suka rufe sai ya riƙa lalubar akwatin, yana cewa, "Amarya, mi suka ce yau?" In ce masa sun ce an kusa ganin bayan agana. Sai na wayi gari kaina na sarawa, jikina ya ɗau zafi. Na zauna bakin bukka ina jujjuya hannuwana, ko cizon tururuwa na gani sai in ɗauka agana ce. Har yanzu in na yi wanka ina dubawa.

Da hantsi duba-gari ya iso a kan keke, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Ya leƙa Kaka, bai daɗe ba ya fito. Ya ce in buɗe baki, ya duba tafin hannuna, sannan ya ce in naɗe hannun riga. Ya ga tabon nan a damtsena.

"Ina aka yi miki lambar rigakafi?"

"A makaranta, bara."

A bayana sautin rediyon na ta yin ƙasa, batir ya kusa mutuwa, Kaka na kirana in zo in murɗa.

"Lambar ta kama da kyau," in ji duba-gari. "Wannan zazzaɓin sauro ne. Ke kam kin tsira."