Ranar da Mai Ɗori Ya Ƙi Ɗora Gwiwata

Ko da zan manta komai na rayuwata, ba zan manta da wata safiyar Laraba a gonar shinkafata ta bakin kogin Gashua ba. Ina huɗa da shanu, ƙafata ta dama ta nutse a taɓo, sai shanun suka firgita suka fizge ni. Jikina ya juya, ƙafar tana kafe. Na ji "ɓas" a gwiwa, na zube.

Yayana ya ce kada mu ɓata lokaci, akwai wani tsoho mai ɗori a Nguru da ake yabon hannunsa. Haka aka shimfiɗe ni a bayan a-kori-kura, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati.

Tsohon ya shafa gwiwar, wadda ta kumbura kamar ƙwarya, sannan ya gangara ya riƙe tafin ƙafata, ya taɓa na ɗayar, ya sake komawa kan na farko.

"Baba, lafiya?" in ji yayana.

"Ƙashi bai karye ba. Amma ƙafar nan ta fi 'yar uwarta sanyi. Wannan ba aikina ba ne, ku kai shi asibiti yanzu."

A lokacin haushinsa na ji, wai mun yi doguwar tafiya a banza. Wauta ke nan.

A asibiti likita bai fara da gwiwar ba. Yatsu ya ɗora a bayan ƙafata yana laluben bugun jini. Ya ce gwiwar gocewa ta yi ta koma, kuma idan hanyar jini ta toshe, ƙafar na iya mutuwa. Ban ƙara jin sauran maganarsa ba. 'Ya'yana huɗu kawai nake gani, da gonar da ba mai noma ta. Duk bayan sa'a ake zuwa a taɓa ƙafar, ni kuwa fuskar mai taɓawa nake kallo. Sai bayan la'asar likita ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, jini na tafiya."

Daga baya ya ja ƙaurina gaba, ya tura baya, ya karkata shi gefe, yana ta lilo kamar ba nawa ba. Hoton da aka yi mini a Kano ya tabbatar da zatonsa: cikin manyan jijiyoyi huɗu da ke riƙe gwiwa, uku sun tsinke. Aka yi mini tiyata. Na yi watanni ina koyon lanƙwasa ƙafa da hawaye, ina salla a kan kujera.

Yau ina noma, ko da yake gwiwar kan yi tsami da damina. Abin da na koya shi ne, masani na gaskiya ya san inda saninsa ya tsaya. Da tsohon nan ya ji kunyar cewa "ba aikina ba ne", Allah kaɗai ya san da wace ƙafa zan taka yau.