Ɗakin Tattasai da Idon Kamara

Ni aji uku na yi a lakkol aka mayar da ni gonar tattasai. Shi ya sa ranar da 'yata ta fari ta ce jami'ar da ta ba ta gurbi a ƙasar waje tana son shaidar Ingilishi, na ce ta kai musu takardar bak ɗinta ta gama sakandare. Ta ce ba ta isa ba, sai an yi jarrabawa, in ba haka ba gurbin ya tafi. Kuma iri biyu ce. Ɗaya a Yamai, ka zauna gaban mutum ya yi maka tambaya. Ɗaya a gida, a ordinatar, wato kwamfuta, wani na kallonka ta kamara daga wata ƙasa.

"Wane ne shi?"

"Ba a ganinsa, Baba. Shi ke ganin mutum."

"To ɗan leƙen asiri ne."

Lokacin garinmu Difa ba daɗi. An hana babur, sauka bakin kogin Komadugu sai da faɗuwar gaba, wanda ya tambayi sunan ƙauyenku sai ka dube shi sau biyu. A gidana akwai baƙo, wani malamin makaranta da ya tsallako daga Najeriya da iyalinsa, shi ya koya wa 'yar tawa Ingilishin. Ya ce, "Maigida, bar ta ta je Yamai. Mutum gaban mutum ya fi." Na dube shi. Shi da ya gudo, shi ke tura 'yar wani kan hanyar kwana biyu, shingen soja bayan shingen soja. Na ce a gida za a yi.

Sai 'yar tawa ta ce dole a juya kamara ta ga ɗakin lungu-lungu. Ban yarda baƙon ido ya san yadda gidana yake ba. Na kwashe buhuna daga ɗakin ajiyar tattasai, na share. Bango huɗu, su kalla su ƙoshi.

"Baba, kada kowa ya shigo. Ko inuwa."

"Na ji."

Ni tattasai ya kashe mini hanci tun ina saurayi, ban san ɗakin na da yaji ba. Da hantsi ta shiga. Can na ji atishawa, na ji tari, sannan muryar namiji daga cikin na'urar. Ban san me yake cewa ba, amma na san muryar mai tuhuma, na sha jin ta a shinge. Na tura ƙofa da kofin ruwa a hannu, na leƙa in ga fuskarsa.

Ban ga kowa ba. Shi ya gan ni. Aka soke jarrabawar, wai wani ya shigo don ya ba ta amsa. Ni da ko "zo" ban sani ba da Ingilishi.

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Malamin bai ce "ai na faɗa" ba, gara da ya faɗa. Ranar rufe karɓar takardu ta matso, na sa ta a motar Yamai, na zauna gefenta. A shingen farko, kafin Cetimari, soja ya tambaye ni ina za mu. Na ce zan kai ta ta ga mai tambayarta ido da ido.

Da mota ta tashi ta ce, "Can ma a waje za ku tsaya, Baba."

Na ce na ji.

Ta ce, "Haka kuka ce wancan karon."