Ya Fanna, Nas ɗin da Ba Ta Tsayawa Gaisuwa

Kafin masu ƙosan unguwar Hausari a Potiskum su ɗora kasko, Ya Fanna Bunu ta riga ta tari keke ta nufi asibiti. Nas ce a ɗakin yara, kuma yawancin ranaku ita kaɗai ce a ɗakin. Sa'o'inta sun yi ritaya, matasan da ta koya wa neman jijiya kuwa, da hannunsu ya faɗa sai a ji sun tafi Abuja ko Saudiyya. Da damina, lokacin zazzaɓin sauro, yara bibbiyu ne a gado, wasu a tabarma a baranda.

Ba ta bin layi. Tana shigowa take ratsa iyaye mata tana leƙa fuskar kowane yaro, ta ja fatar ido, ta dubi yadda ƙirji ke hawa da sauka, wanda ya fi jigata ta sunkuce shi ko da yanzu aka iso da shi. A wannan ratsawar ce ta yar da gaisuwa. Ki ce mata ina kwana, ta ce, "Tun yaushe yake amai?" To, abin da Potiskum ta riƙe a kanta ke nan, wai matar nan ba ta gaisuwa. Wallahi abin da ban haushi. Mutum yana so a tambaye shi gida da iyali da gajiya, alhali ɗan wani yana jijjiga a bayansa.

A bara magana ta yi tsami. Alhaji Mala, dillali a kasuwar shanu, ya kawo jikansa da ƙurji a ƙafa. Ya yi mata cikakkiyar sallama, ta wuce shi ta karɓi 'yar wata mata da ta zo daga Gadaka. Alhaji ya ji an ci masa fuska a gaban mata. Ya kwashi dattawan unguwa suka je wurin shugaban asibiti, suka ce ko ta ba da haƙuri ko a ɗauke ta daga ɗakin yara. Shugaban, wanda ya fi kowa sanin ba shi da wadda zai sa a gurbinta, ya biye musu ya sa ranar zama.

Ranar suka hallara a ofis, suka jira har suka gaji. Fanna ba ta zo ba, don babu wanda za ta bar wa ɗakin. Suka tashi fuu suka biyo ta. Sauda mai shara tana wurin, ita ta ba da labari: sun tarar da ita durƙushe a baranda kan wani yaro da gudawa ta tsotse, ta samu jijiya da ƙyar, ƙarafan rataye ruwa kuma duk suna kan wasu yaran. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta miƙa ledar ruwan ga hannun da ya fi kusa.

"Bawan Allah, riƙe. Ɗaga sama. Sama na ce!"

Hannun Alhaji Mala ne. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce, "Ya Fanna, Alhaji ne fa."

"Sannu Alhaji. Kar ka sauke."

Haka ya tsaya da babbar rigarsa, yana canja dama da hagu, yana kallon ta tana zirga-zirga tsakanin gadaje, har yaron ya buɗe ido ya nemi nono. Alhaji ya miƙa ledar ya fita, ƙara ta mutu a nan. Daga baya ya aiko da ƙarafan rataye ruwa daga wurin mai walda. Madalla, an gode. Amma nas ko ɗaya ba a ƙaro ba, kuma ƙarfe ba ya gane yaron da numfashinsa ya canja.

Ya Fanna, ke ma akwai faɗa tsakaninmu. Ke ce kika bar hutunki na shekara yana wucewa, ke ce kike ɗaure kumburarrun ƙafafunki da bandeji ki zura silifa ki fito. Kin nuna wa hukuma mutum ɗaya yana iya ɗaukar aikin jama'a, su kuma suka miƙe ƙafa. Duk da haka, garkuwar yara, mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya mayar miki da lafiyar da kika ƙarar a kan 'ya'yanmu.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba a turo wadda za ta karɓe ta ba. Masu ɗaukar ma'aikata, ku ji tsoron Allah ku ɗauka. Matasan nas-nas, ko kaɗan daga cikinku ku zauna gida yadda ta zauna. Ku kuma iyayen da kuke cewa mace kaɗai za ta duba iyalinku, amma kuna hana 'ya'yanku mata karatun jinya, ku sake tunani. Damina na tafe, kuma ranar da za ku shigo a guje da yaro a kafaɗa, babu Fanna a ɗakin.