Yadda Na Ajiye Aikin Gwamnati Da Ƙwaryar Goro

Shekarun baya kaɗan, in kana neman wanda ya fi kowa sanin sirrin takarda tsakanin Sabon Birni da Isa, kada ka wahalar da kanka, ni ne. Ban ce ina cikin waɗanda suka sani ba, cewa na yi ni ne. Ni ke cike wa mutanen unguwarmu fom, ni ke rubuta wa masu neman aiki wasiƙa, in an kawo takardar asibiti ko ta kotu a ƙofar gidana take fara yada zango. Biro uku ne a aljihuna kullum, shuɗi da baƙi da ja. Shi jan ban taɓa rubutu da shi ba, don kwarjini nake saka shi.

Kafin in koma fataucin hatsi, shekara goma sha biyu na yi ina aikin ƙaramar hukuma a sashen dabbobi. Malamin allura ake ce mini. Ni ke bin rugage daga Unguwar Lalle har bakin iyaka, da akwatin sanyi ɗaure a bayan keke, ina yi wa shanu rigakafi. Shanun da na soka wa allura in aka jera su za su kai Makka su dawo, kindirmon da na sha kuwa zai cika rijiya. Da kasuwar wake ta buɗe sai na bar aikin na bi ta.

Na san doka, ko in ce na ɗauka na sani. Wanda ya haura shekara goma ya ajiye aiki da kansa, ba a ba shi fansho nan take, ajiye masa ake yi har ya kai shekarun karɓa. Garatuti ma da ban gani ba ban damu ba, kowa ya san ba ya zuwa da gudu, na ce ranar sai su haɗa mini gaba ɗaya. Wannan maganar na riƙe a zuciya kamar mai cikakken rumbu a bayan gida. Lokacin da kasuwa ke garawa, abokina na ƙuruciya ya matsa mini in sayi gona a fadama saboda tsufa. Na yi masa dariya, na ce shi ya je ya yi ta fama da laka, ni gwamnati ke riƙe mini da tsufana.

Shekara goma sha huɗu suka wuce. Kasuwar ta ja baya, bayana kuma ya ƙi, ba na iya awa ɗaya a kan babur ba tare da na sauka na miƙe kamar mai jiran a ɗinke shi ba. Ba gona, ba jari mai nauyi, ga iyali. Abin da ya rage mini kawai shi ne ajiyar nan, kuma saura wata huɗu in cika shekarun. Na sa aka buge mini babbar riga, na ja abokin nan nawa don ya ga yadda masana ke karɓar haƙƙinsu, muka nufi sakatariya.

A ofishin fansho wata Hajiya muka samu, mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta sa aka nemo fayil ɗina, bai fito ba sai bayan azahar. Ta buɗe tana bin shafi ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina bayyana wa abokina matakan da suka rage da ƙarfi, don ita ma ta san da wa take zaune. Can ta ɗago ta ce in ba ta kwafin takardata ta ajiye aiki, da amsar da aka ba ni.

Na ce wace takarda.

Ta ce wadda na rubuta na sanar da hukuma za ni bar aiki.

Sai na gyara zama na ba ta labarin yadda na bar aiki, don ni har ranar ina alfahari da shi. Ban sulale ba kamar marar tarbiyya. Ƙwaryar goro guda na saya, fari ƙal, na haɗa da zabbi biyu na kai wa maigidana, shugaban sashenmu. Na durƙusa na gaya masa niyyata. Ya yi mini nasiha mai tsawo, ya tara ma'aikata duka, aka raba goro har da mai gadi, aka yi fatiha aka shafa. Na bi kowa na nemi gafara, wasu har da hawaye. Na mayar da kayan aiki, aka rako ni har bakin titi. Na dubi Hajiya na ce, in wannan ba ajiye aiki ba ne, ban san mene ne ba.

Ta juyo fayil ɗin ya fuskance ni. Takardun tuhuma uku ne a jere, kowacce na tambayar dalilin da ya sa ba a ganina a bakin aiki. Ko ɗaya ban taɓa gani ba, don a watannin ina can Nijar ina auna wake. A shafin ƙarshe kuma, da jan biro irin nawa, an rubuta cewa na gudu daga aiki.

Jama'a, na sha harbin saniya a ƙirji, na taɓa faɗawa rijiya da keke, amma ban taɓa jin abin da na ji a kujerar nan ba. Na karanta layin sau uku ko zai sake, bai sake ba. Na ji babbar rigar ta yi mini nauyi kamar an jiƙa ta. Na tambaye ta, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, mene ne hukuncin wanda ya gudu.

"Ba shi da fansho, ba shi da garatuti, Malam," in ji ta. "Shekarun nan sha biyu kamar ba a yi su ba."

Abokina, wanda ya kamata ya riƙe ni, sai ya sunkuyo ya raɗa mini cewa ashe shekara goma sha huɗu yana cin tuwo da wanda gwamnati ke nema. Yadda muka dawo gida ban sani ba. Na dai tuna mai ɗakina ta tambaye ni yaushe za a fara biya, na ce mata ana kan duba wasu 'yan abubuwa, na shige ɗaki na kwanta da hulata a kai.

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu na koma wurin Hajiya, ba babbar riga, biron ma ɗaya na ɗauka. Ta ce hanya ɗaya ce, in samo shaida a rubuce cewa da sanin shugabana na tafi. Maigidan nawa kuwa ya daɗe da yin ritaya, ya koma garinsu Turba.

Lokacin hanya da sauran lafiya, muka bi 'yan kasuwa muka je. Na same shi a zaure yana yanka wa tumakinsa harawa, ya tsufa ƙwarai amma ya gane ni tun kafin in gama sallama. Bayan gaisuwa na zayyana masa komai. Ya ajiye laujen ya dube ni.

"Kai yaro, wai har yau ba ka rubuta takardar nan ba?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai ba ka ce in rubuta ba."

"Ni in ce maka? Kai da ka rubuta ma mutane tasu?"

Ashe mako biyu ya yi yana jiran takardar. Ya ce kunya ce ta hana shi aikowa. Mutum ya kawo goro, an yi fatiha, an yafi juna, sannan a bi shi da saƙon ya kawo takarda kamar ba a yarda da shi ba? Sai ya ɗauka na kai wa magatakarda. Shi magatakarda ya ɗauka na ba maigida. Kafin wata ya cika aka canja masa wurin aiki, wanda ya gaje shi kuma bai san ni ba, bai ci goron ba, ya ga suna babu mutum, ya yi abin da doka ta ce. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ko murmushi ban iya ba, tsufana nake gani yana tafiya.

Da tarin ya lafa ya sa aka jawo masa wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Mutanen da ba sa yar da takarda, Allah ya saka musu. Muka yi ta tono har la'asar, sai ga kwafin bayanin da ya rubuta wa magajinsa ranar da ya miƙa ofis. Gara ta ci gefensa, amma ta bar wurin da nake so. Ya rubuta cewa malamin allura ya mayar da akwatin sanyi da sirinji da keken hukuma, ya tafi da izininsa, takardarsa na nan tafe. Na nan tafe. Shekara goma sha huɗu tana tafe, ko a kan kunkuru aka ɗora ta da ta iso.

Kada ku ce daga nan an gama. Na yi rantsuwa a kotu, tsohon ya rubuta wasiƙa da hannunsa, na rubuta takardar roƙo shafi bakwai. Zuwa Sakkwato kuwa, direbobin tasha har sun daina tambayata ina za ni. Na tsaya gaban kwamiti sau biyu, kuma sau biyun sai da suka sa na maimaita labarin goron, na lura ba don ba su gane ba ne. Damina biyu aka yi ana wannan, abokina ne ke aiko mana da gero daga gonar fadamar da na yi wa dariya, bai taɓa fasa tuna mini ba. Daga ƙarshe suka yarda a goge gudu, a rubuta ajiye aiki.

Yau ina karɓar fanshona. Ba shi da yawa, wani watan ma sai ya yi nawa, amma yana zuwa. Har yanzu ban manta da jan rubutun nan ba, don saura kaɗan in shiga tsufa hannu wofi saboda na yi sallama irin ta gida a wurin da ba ta aiki. Ban daina ganin girman goro da fatiha ba, su suka sa tsohon nan ya tuna da ni har ya buɗe adakarsa. Amma fayil ba ya cin goro. Duk wanda ya zo mini yanzu ya ce zai bar aiki, sai na zaunar da shi ya rubuta, ya kai, a buga masa hatimi a kwafinsa, sannan ya tafi kasuwar goro.

Sharaɗin ƙarshe da kwamitin ya gindaya shi ne in rubuta takardar da ban rubuta ba, a saka a fayil ya cika. Na je ofishin Hajiya da takardu goma, na naɗe hannun riga, na fara shirya gabatarwa. Ta ce in dakata, ita za ta faɗa in rubuta. Ni wane, ina sanar da hukuma na ajiye aiki daga rana kaza, na gode. Layi uku. Na tsaya da biro a sama ina jiran sauran, na ce, "Sai kuma mi, Hajiya?"

Ta miƙo hannu ta zare takardar.

"Shi ke nan, Malam. Mai shararmu da ya ajiye aiki bara da kanshi ya rubuta tashi, kuma aji huɗu ya tsaya."